Man Shanu Mai Warin Albasa

Baraka ta fito da ƙwaryar tatsa bayan sallar asuba, ta tarar da maɗauri uku na dangwali, igiyar maruƙa, babu kowa a ciki. Maruƙa goma sha ɗaya ta ɗaure a igiyar nan da hannunta jiya da almuru, yanzu takwas ne ke kallonta. Ta waiga cikin garke. Wule ba ta nan, Saye ba ta nan, Nore ba ta nan, kuma su ukun nan ne shanun da suka fi nono a garken duka.

Ta durƙusa ta duba igiyar. Ba yanka ta aka yi ba, kwancewa aka yi. Sawu kuwa babu abin karantawa, don ƙasar tudu a tsakiyar bazara ta bushe ƙamas, ga shanu sittin sun tattake ta.

Shanun ba nata ba ne. Na Malam Abdulƙadiri ne, wani attajirin Wurno, ɗanta Atiku ke yi masa kiwo shekara shida ba a taɓa jin kansu ba. Daren nan kuwa Atiku bai kwana a ruga ba, wani bijimi ne ya ɓalle tun la'asar ya bi shi wajen Tursa. Baraka da kanta ta aika wa mai shanu labari, abin da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Da hantsi Atiku ya dawo yana jan bijimin, ya tarar da ɗan doka zaune a kan turmi yana jiransa.

Sunan ɗan dokan Yusha'u, dogon mutum mai jar dara da kulki, wanda ba ya ɗaga murya sai dai ya ƙura ido.

"Ina kak kwana?"

"Daji, kusa da Tursa."

"Wa ag gan ka?"

"Allah, sai bajimin ga."

"Bajimi ba ya rantsuwa gaban alƙali. Igiyag ga kwance ta anka yi, shanu ba su yi kuka ba. Wa sunka sani in ba kai ba?"

Atiku bai amsa ba tukuna sai ga Mode ya iso yana haki. Mode manomin albasa ne, garkarsa na bakin fadamar Dinawa, daidai inda shanu ke gangarawa mashaya. Babu wanda ya kira shi.

"Ni na gan shi da idona," in ji Mode. "Da sassahe ina ban ruwa, ya wuce shina kora shanu ukku da maruƙansu, ya miƙi hanyar Goronyo. Ko gaban Alƙur'ani ina maimaitawa."

Yusha'u ya miƙe daga kan turmi ya nuna Atiku. Aka ɗaure masa hannu da igiyar da ya jawo bijimin da ita, aka tasa shi gaba zuwa Wurno.

Kwana tara aka yi ana nema. Yusha'u ya je kasuwar Goronyo, ya je Rabah, ya tare fataken shanu a hanya, bai ga ko wutsiya ba. Ran na tara aka ce alƙali zai zauna gobe da safe. Ga shaida mai shirin rantsuwa, ga wanda ake tuhuma ba shi da kowa sai bijimi. Kowa a Wurno ya san ƙarshen irin wannan shari'a: za a tasa Atiku da mari a ƙafa har gidan yarin Sakkwato, ya yi shekaru yana fasa dutse. Baraka ta san ɗanta. Mutumin da bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin soro ba, ba ta zaci zai kai shekara ɗaya a can ba.

Ran nan kasuwar Wurno ke ci. Ta ɗauko ƙwaryarta ta zo, ba don ciniki ba, sai don zaman ruga ya gagare ta. Ta zauna a layin masu nono, curin man shanu na yawo a kan kindirmo, farare fat, ba ta ko kiran masu saye.

Sai ga Kyauta, kukun Baturen D.O. da ya sauka bariki yana rangadi. Kyauta mutum ne da ya ɗauki kansa rabin Bature tun ranar da aka ba shi farar riga mai maɓalli. Ya bi layin yana ɗaga faifai yana yatsina, har ya iso gabanta.

"Inna, ku duka naku hwari kamar kitse. Bature ya ce shi irin wanga shika so."

Ya buɗe wani gwangwani ya miƙo mata a hanci. Man shanu ne a ciki, ruwan ɗorawa sosai, irin na tsakiyar watan Agusta.

Duk wanda ya tashi a ruga ya san man shanu ciyawa ce ta sake kama. In damina ta zauna, saniya na cin ɗanyen haki, man yakan fito rawaya, mai taushi, mai ƙarfi a jiki. Shi ake ba mai jego, shi ake lasa wa mai dundumi idonsa ya buɗe da almuru. In rani ya yi, abinci ya koma kara da busasshiyar ciyawa, sai man ya fito fari, ga tauri, maiƙo ne kawai. Baraka ta shekara talatin tana kaɗa nono, ba ta taɓa ganin mai irin wannan ba alhali rabon ƙasa da ruwan sama wata shida.

"Ina kas samo shi?"

"Wata macce ta kawo min bayan bariki, sau biyu. Yau ba ta zo ba, shi as sa nika nema."

"Rina shi anka yi," in ji wata a gefe. "Gangamau na, ko manja."

"Ara min cokalinka," Baraka ta ce da Kyauta.

Ya ciro cokali daga aljihun farar rigar yana gunaguni. Ta ɗebi man, ta je murhun mai waina ta ɗora a kan garwashi. In gangamau aka sa, garin zai kwanta a gindin cokali. In manja ne, zai ware ya yi jan zobe a baki. Man ya narke garau, launinsa ɗaya daga sama har ƙasa, sai dai yana ta tartsatsi kamar an yayyafa masa ruwa. Wanda ya yi shi bai iya wanke mai ba, ya bar tsala a ciki. Ta sunkuya ta shaƙi tururin, ta ɗago da sauri.

"Albasa."

"Kin ji ko!" Kyauta ya tafa hannu. "Bature ya ce da wuƙar albasa niy yanka mai, saura kaɗan shi kore ni. Na wanke wuƙa hal sau ukku."

"Ba wuƙakka ta ba. Warin daga cikin sanuwa yaf fito. Maccen ga, cikin mi tak kawo shi?"

"Akushi."

"Ba ƙwarya ba? Curi-curi ko dunƙule?"

"Dunƙule guda, hal da shatar yatsunta. Ta ja mayahi ta ruhe huska, ko gaisuwa ba ta tsayawa."

Baraka ta mayar masa da cokalinsa. Ta roƙi Kyauta gwangwanin, ya hana, ta ce to gobe ya zo ya yi wa alƙali bayani da kansa. Ya sakar mata shi nan take.

Ta sami Yusha'u a inuwar ƙofar hakimi, ya cire dara yana fifita da ita. Kwana tara na yawo a rana sun rame shi, kuma a ransa shi ma abin bai kwanta ba, don ɓarawon da ya sayar da shanu uku yakan bar ko da ƙura a baya.

"Inna, na gaya miki ba ni ka yanka shari'a ba."

"Ban zo roƙo ba. Shinshina wanga."

Ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa. "Mai na. Mi ya haɗa shi da ɗanki?"

"Macce mai sanuwar tatsa, wadda ba ta iya wanke mai ba, ba ta iya cura shi ba, ba ta ko da ƙwarya. Yaushe tas samu sanuwa?"

Yusha'u ya daina fifita.

"Kuma mi al hana ta kawo shi kasuwa, sai bayan bariki? Ta san mu nan muna gane nonon kowace ruga."

Ya mai da dararsa ka, ya miƙe. "Mutum biyu nika zato da sayen shanun ga. Sale mahauci, da Zayyanu mai ruga bakin gulbi. Mu tai."

Sale mutumin Rabah ne, yakan zo Wurno da nama ran kasuwa. Yana ganin jar dara ya soka wuƙa a kututture.

"Sau huɗu ke nan! Kun duba hwatuna, kun duba ƙahoni. Mi as saura, ku duba cikina?"

"Ina kas samu naman makon jiya?"

"Tsohon sa na, gurgu, gaban sarkin pawa anka yanka shi. Tai ka tambaya."

Baraka ta taɓa hannun rigar Yusha'u. "Bar shi. Sanuwar da anka yanka ba ta ba da mai. Shekaranjiya anka kaɗa wanga, shanun na da rai."

Suka koma layin masu nono, wurin Fatimatu matar Zayyanu. Rugarsu na bakin Gulbin Rima ta wajen Goronyo, inda sauran danshi ke fitar da ɗan haki ko da bazara. In akwai mai shanun da zai iya fitar da rawayan mai a wannan wata, to Zayyanu ne. Yusha'u ya sa ta ɗaga faifai. Curinta ƙanana ne sumul, da ɗan ratsin rawaya kaɗan, kusa da na gwangwani kuwa sai suka koma farare.

"Shanu nawa kuka tatsa?"

"Bakwai, kamar kullum. Kowa ya san su."

"Kuna ba su ganyen albasa?"

Fatimatu ta dube shi kamar ya zage ta. "Albasa? Ɗan doka, kana so mu kashe dukiyarmu? Sanuwa ta daɗe bisa albasa, jininta ka tsinkewa, hitsarinta shi koma ja. Bara wata tamu ta hwaɗa garka ta ci ta ƙoshi, kwana biyat muna jinya, nononta kuwa ko kare bai sha ba don wari. Ba Bahillacen da ka ba sanuwa lawashi, ko mahaukaci na."

Suka ja gefe. Rana ta take tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafa.

"To ba mahauci ba, ba makiyayi ba," in ji Yusha'u. "Mai garka na. Inna, daga Magarya zuwa Dinawa masu albasa sun hi ɗari. Ban iya bincike gida ɗari kahin gobe, ko da an ba ni izini."

Hankalin Baraka na wani wuri. Tana lissafin cikin saniya ne. Shanu uku masu shayarwa, a ɗaure wuri ɗaya, ba a fitar da su kiwo, abin da za su ci a yini ya fi kayan jaki biyu. Yanzu kuma ake cire albasa, lawashi ko'ina. Amma lawashi a ƙasar nan ba shara ba ne, mata ke kwashe shi su daka su cura gabu, su shanya don miyar shekara. In wani ya hana nasa, akwai bakin da ba zai yi shiru ba.

Masu gabu na can ƙarshen kasuwa. Babbarsu wata tsohuwa ce ana ce mata Kaka, wadda ba a taɓa tambayarta abu ɗaya ta amsa ɗaya ba. Baraka ta tsuguna ta gaishe ta, ta ɗauki curin gabu tana juyawa.

"Bana kayanki sun yi kaɗan, Kaka."

"Ina za su yi yawa? Mutane sun lalace. Shekara goma sha ni ka kwashe lawashin mutum, in ba matatai gabu, ba mu taɓa saɓawa ba. Bana ya ce kar in taka mai garka. Sahe da marece jakinai ka jidar shi zuwa gida, hal ciyawar da ka tsira cikin hwangalin albasa ba ya bari. Ko miyar lawashi zai yi ma garin duka, oho."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana takwas ko tara."

"Wane na, Kaka?" Yusha'u ne ya tambaya daga bayansu.

"Mode mana, na Dinawa."

Yusha'u ya ce a hankali, "Shaidana."

Suka kama hanyar Dinawa a cikin ranar nan, ɗan doka a gaba, tsohuwa a baya. Baraka ta bar ƙwaryarta wurin Fatimatu. Tsoro biyu ke cinta. In Mode ya riga ya fitar da shanun, ba ta da komai sai gwangwanin mai da maganar tsohuwa, alƙali kuwa ba zai ajiye rantsuwa don warin albasa ba. In kuma suna nan, kwana tara ke nan suna cin abin da ke tsinka jini.

Da suka hango garin Yusha'u ya tsaya. "Gidan aure na. Ban iya shiga sai da mai gari, kahin a kira shi kuwa ana iya hidda su ta baya."

"Kai ka namiji," in ji Baraka. "Ni wa ka hana ni shiga in sha ruwa?"

Gidan Mode na ƙarshen gari, bayansa na kallon fadama. Suka same shi a zaure yana sauke wa jaki kaya, ɗanyen lawashi har yana ɗiga. Da ya ga jar dara ya yi murmushi, da ya ga wadda ke bayanta murmushin ya tsaya a rabi.

"Maraba da ɗan doka. Lahiya dai?"

"Lahiya. Gobe za ka rantse, na zo in ƙara jin maganar. Wane lokaci kag gan shi?"

"Da sassahe, na hwaɗa maka."

"Kana ina?"

"Garkata."

"Daga garkakka ana hangen hanyar Goronyo?"

"In ka hau tudun rijiya, ana hange."

"Lawashin ga hwa, na mi na?"

"Na jaki."

"Jaki guda?"

Mode ya hau waige-waige. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Baraka ta raɓa ta gefen jakin tana cewa, "Salamu alaikum, masu gida, a taimake ni da ruwa."

"Ke! Matata ba ta da lahiya!" Mode ya yunƙura zai tare ta, kulkin Yusha'u ya gitta a ƙofar.

"Tsohuwa ta, ruwa taka so. Zamna mu ƙare."

A tsakar gida wata mace ta miƙe daga gindin murhu, maburgi a hannunta, tukunya a gabanta da farin kumfa a baki. Kulu ke nan, matar Mode. Ta dubi Baraka, ta dubi tsagar Fulani a fuskarta, maburgin ya faɗi ƙasa. Baraka ta wuce ta. Idonta na kan wani sabon shingen zana a bayan rumbuna biyu, wanda karansa bai ko dushe ba. Ƙudaje sun yi baƙi a kansa, wari kuma ya haɗu, na kashin shanu da na albasa.

Ta cika ƙirjinta da iska, ta yi kiran da take yi kowace safiya.

"Wule! Hoi, Wule!"

Ta kasa kunne. Sannan daga bayan zanar wata murya ta amsa, doguwa, a shaƙe, ta biyu ta bi ta. Har zaure aka ji.

Kafin a kira mai gari rabin Dinawa sun taru. Aka yaye zanar. Wule da Saye na tsaye, haƙarƙarinsu a waje, an ɗaure wa maruƙan baki da igiyar kaba don kada su yi kuka. Nore na kwance, dasashinta fari, ƙasar da ke bayanta ta jiƙe da fitsari ja kamar zoɓo. Baraka ta durƙusa ta kwashe lawashin daga gabanta ta yi jifa da shi, ta ce a kawo harawa da dusa da ruwa mai yawa. Ta ji tausayin dabbar har hawaye ya zo mata, ta mai da shi.

Mode bai gudu ba. Ya gyara tsayuwa gaban mai gari, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, gaskiya ta hito. Atiku ya kawo min su ajiya. Ya ce in ɓoye hal ƙura ta lahwa, mu raba. Tsoro as sa ban hwaɗi ba."

Jama'a suka ɗauki guna-guni. Baraka ta ɗago kai daga kan Nore. In maganar nan ta zauna, ba ta ceci ɗanta ba, abokin tafiya kawai ta samo masa. Ta miƙe a hankali tana share hannu a zane.

"Shi ya kawo ma su da hannunai?"

"Da hannunai."

"Mi as sunan wagga da ka kwance?"

Mode ya dubi saniyar. "Ina ruwana da sunan dabba?"

"Makiyayi bai ba mutum sanuwar tatsa bai gaya mai sunanta ba, don ba ta tsayawa sai an kira ta. Ɗan doka, dubi ƙahwahunsu na baya."

Yusha'u ya sunkuya. Igiya ta ci fatar har ta yi gyambo, a dukansu uku.

"Da ƙarhi anka tatse su, ɗaure kamar za a yanka," in ji Baraka. "Mi yac ce ka ba su su ci?"

"Ya ce... komi nis samu."

Wani tsohon Bafulatani a cikin taron ya yi dariyar takaici. Baraka ta juya ga mai gari. "Ranka shi daɗe, mutumin da ya shekara shidda da shanun ga, in sata zai yi, ba ya aje su inda za a kashe su da albasa. Da ya ce kara, da ya ce harawa. Da kuwa man ya hito hwari kamar na kowa, da ba mu zo nan ba."

"Saura guda," Yusha'u ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ka ce min ka gan shi ya miƙi hanyar Goronyo da su. Kwana tara ina bin hanyag ga, suna bayan rumbunka. In abokin satakka na, mi as sa kaz zo da gudu ka kai shi ƙara, ba wanda ya kira ka?"

Mode ya ga ba mafita. Sai ya juya kan matarsa, wadda ke raɓe a jikin rumbu. "Na ce ki zubar! Ban ce ki zubar ba?"

Kulu ta fashe da kuka. "Ni ban iya zubar da nono ƙasa, Allah na gani. Mun sha, mun sha, ya hi ƙarhinmu. Na ce in kaɗa in kai ma kukun Bature, shi baƙo na, bai san kowa ba."

Sauran maganar Mode da bakinsa ya ƙarasa ta, cikin fushi. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya ratsa gefen garkarsa, ƙasa mai kyau, fangali arba'in za ta ɗauka. In an ɗaure Atiku, Malam Abdulƙadiri zai ɗauke garkensa daga tudun, hanyar ta mutu, shi ya shinge ta. Ranar da Atiku ya biyo ta garkarsa yana cigiyar bijimi, ya san ruga ba namiji. Shekarun da ya yi yana kallon shanu na wucewa sun koya masa abu ɗaya, cewa in ka ja ɗan maraƙi uwar za ta bi ka ba kuka. Iyakar karatunsa ke nan a kan saniya.

Washegari zauren alƙali ya cika har waje. Yusha'u ya ajiye gwangwanin a gaban buzun alƙali, ya jera bayanin daki-daki: launin man ya nuna ɗanyen ganye a watan da babu shi a tudu, warinsa ya nuna wane ganye, tartsatsinsa ya nuna hannun da bai saba ba, lawashin da aka hana Kaka ya nuna gidan. Da ya gama ya ƙara da cewa shi ƙafa kawai ya bayar, hancin na tsohuwar ne. Alƙali ya shinshina man da kansa, ya kawar da kai. Aka yanke wa Mode abin da ya tanadar wa wani, aka ce a saki Atiku.

Sai da aka kira maƙeri, don marin da aka sa masa na tafiyar Sakkwato ne, an riga an dake ƙusarsa. Aka fito da shi rana, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Malam Abdulƙadiri na tsaye a gefe yana ta gyaran rawani, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baraka ta tsaya can nesa, ƙwaryarta da ta karɓo wurin Fatimatu a ka. Atiku ɗanta ne na fari, kuma Bafulatana ba ta rungumar ɗan fari a gaban mutane, ba ta ko kama sunansa. Maƙeri ya buga sau ɗaya, sau biyu, a na uku ƙarfen ya buɗe. Atiku ya miƙe yana tangaɗi, ya nufo ta, ya durƙusa a gabanta.

Ta kawar da kai ta dubi hanya.

"Tashi," ta ce, muryarta a bushe. "Nore ba ta ci komi ba tun jiya, hannunka taka jira."

Ta juya za ta wuce gaba, ta kai hannu ta gyara ƙwaryar, hannun ya ƙi tsayawa. Ƙwaryar ta sulluɓe ta faɗi ta rabu biyu, nono ya malale a ƙofar alƙali. Baraka ta tsuguna tana tattara sakainar, tana faɗa da ƙasar wurin wai ba daidai take ba, hawaye na zuba a kan hannuwanta. Atiku ya tsuguna kusa da ita ya kama tsince sauran, babu wanda ya dubi wani.